Tsara Zangunan Bitar Fassara a Manhajar Sarrafa Ƙunshiya Mai Harsuna Da Yawa: Duba Daga Yankin Kazaure

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan yadda ake tsara matakan bitar fassara a cikin manhajar da ke sarrafa ƙunshiyar shafukan intanet masu harshe fiye da ɗaya, tare da mayar da hankali ga fassara daga Ingilishi zuwa Hausa. An ɗauki yankin Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa a matsayin farfajiyar da aka ɗora misalai a kanta. Maƙalar ta waiwayi tarihin bitar fassara a ƙasar Hausa, sannan ta fayyace ginshiƙan tsarin guda uku, wato muƙamai da zanguna da izinin ƙetarawa. Daga nan ta nuna matsalolin da suka keɓanta ga Hausa, waɗanda tsarin da manhaja ke zuwa da shi daga masana'anta bai san da su ba. Maƙalar ta tafi a kan cewa shawarwarin da ake yankewa yayin saita irin wannan manhaja na ilimin harshe ne, don haka bai kamata a bar su a hannun masana kwamfuta su kaɗai ba.

Fitilun Kalmomi: fassara, bita, manhaja, zango, ƙa'idojin rubutu, Kazaure

1.0 Gabatarwa

Duk hukumar da ke son saƙonta ya kai ga jama'a a arewa maso yammacin Jihar Jigawa tana fuskantar harsuna biyu aƙalla. Ingilishi shi ne harshen takardun ofis, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa da masallaci da gona da gida. A da, mai shela da gidan rediyo ne ke ɗauke da nauyin juya saƙo daga wancan harshe zuwa wannan. A yau shafin intanet ya shigo cikin sahu, kuma ya bambanta da su ta fuska guda mai muhimmanci: shela tana wucewa da zarar an yi ta, amma abin da aka wallafa a shafi yana nan zaune, ana karanta shi bayan wata guda ko shekara, ana kuma kwafarsa a tura ta WhatsApp zuwa ga waɗanda ba su taɓa buɗe shafin ba. Kuskuren da ya shiga fassara a irin wannan wuri yakan daɗe, ya kuma yaɗu.

Masu nazarin Hausa sun yi rubuce-rubuce da dama a kan dabarun fassara da ire-irenta da matsalolinta. Abin da bai samu kulawa daidai da haka ba shi ne hanyar da fassara ke bi bayan ta bar hannun mafassari kafin ta kai ga idon mai karatu: wa zai duba ta, da wane ma'auni, wa ke da ikon sakinta, kuma me zai faru da ita idan matanin asali ya sauya. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake gina amsoshin waɗannan tambayoyi a cikin manhaja, ta yadda za su zama ƙa'idar da na'ura ke tilastawa maimakon al'adar da ta dogara ga tunawar ma'aikaci.

1.1 Farfajiyar Nazari

An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma tana da ƙananan hukumomi 27. Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura suna ɓangarenta na arewa maso yamma, tsakanin Jihar Kano da Jihar Katsina, ba nesa da ƙasar Daura da iyakar Jamhuriyar Nijar ba. Yankin yana da manyan makarantu da suka shafi fasaha. A garin Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, da makarantar fasahar sadarwa ta Jihar Jigawa wadda jama'a suka fi sani da Informatics. A Ɓaɓura kuma akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka amince da kafa ta a 2021. Ke nan wuri ne da ake horar da masu gina shafukan intanet a tsakiyar al'ummar da harkokinta na yau da kullum da Hausa suke gudana, manoma da makiyaya da 'yan kasuwa. Misalan da za su zo a gaba na kwatance ne, an gina su a kan irin sanarwar da hukumomi kan fitar a wuri irin wannan.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Manhajar sarrafa ƙunshiya ita ce manhajar da ke ba ma'aikaci damar rubuta labari ko sanarwa, ya gyara, ya adana, ya wallafa a shafin intanet ba tare da ya san harshen shirya kwamfuta ba. Fitattu daga cikinsu su ne WordPress da Drupal da Joomla. MediaWiki, wadda Wikipedia ke tafiya a kanta, ita ma tana yin makamancin wannan aiki. Ana kiran manhajar mai harsuna da yawa idan tana iya ɗaure matani guda da fassarorinsa, ta san cewa wannan shafi na Hausa ɗan'uwan wancan ne na Ingilishi.

Zango, kamar yadda aka yi amfani da kalmar a nan, shi ne matsayin da matani yake a kai a wani lokaci, misali "daftari" ko "jiran bita". An aro kalmar daga tafiyar fatake, inda ayari kan yada zango kafin ya ci gaba. Ƙetarawa ita ce matsar da matani daga wani zango zuwa wani. Bita kuwa ta kasu biyu. Akwai bitar kwatance, inda ake ɗora fassara kusa da matanin asali a bi su jumla bayan jumla. Akwai kuma bitar fanni, inda masanin abin da ake magana a kai, likita ko malamin gona, yake karanta Hausar ita kaɗai don ya tabbatar abin da ta faɗa daidai ne a fanninsa.

Wannan rarrabewa ta dace da ma'aunin ayyukan fassara na duniya mai lamba ISO 17100, wanda ya fito a 2015. Ma'aunin ya wajabta wa mafassari ya duba aikinsa da kansa, sannan wani mutum na daban ya yi bitar kwatance. Bitar fanni da karatun gyaran rubutu ana yin su ne idan an yi yarjejeniya a kansu, kuma a ƙarshe akwai tabbatarwa kafin a miƙa aiki.

3.0 Bita a Tarihin Fassarar Hausa

Tunanin cewa fassara aikin hukuma ne mai matakai ya daɗe a ƙasar Hausa. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta rikiɗe ta zama Hukumar Talifi a 1933 a ƙarƙashin jagorancin Dokta Rupert East a Zariya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939 tare da Abubakar Imam a matsayin editan Hausa, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Hukumar Harshen Hausa ta biyo baya a 1955, aikinta ya haɗa da daidaita ƙa'idojin rubutu da tantance kalmomin aro. An ci gaba da wannan aiki a taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, da kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, a zamanin ɗab'i, ita kanta hanyar buga littafi tana tilasta bita. Rubutu sai ya bi ta hannun edita da mai jera haruffa da mai karatun gyara kafin ya fito, domin kuskure a bugu asarar takarda ce da kuɗi. Manhajar intanet ta kawar da wannan shinge. A tsarin da yawancinsu ke zuwa da shi, duk wanda ke da izinin edita yana iya rubutawa ya wallafa da dannawa ɗaya. Tsara zangunan bita, a taƙaice, mayar da wancan shinge ne da gangan.

4.0 Ginshiƙan Tsarin

4.1 Muƙamai

Mataki na farko shi ne rarraba aiki zuwa muƙamai. Tsarin da ya cika yana buƙatar biyar: marubucin asali, da mafassari, da mai bitar kwatance, da masanin fanni, da mai wallafawa. Muƙami ba mutum ba ne. A ƙaramar ma'aikata mutum ɗaya zai iya riƙe biyu, kamar marubucin asali ya kasance shi ne masanin fanni. Haɗin da ba ya halatta shi ne mutum ya yi bitar abin da shi ya fassara. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Mafassari yana karanta abin da ya yi niyyar rubutawa ne, don haka idonsa kan tsallake kalmar da ta faɗi ko adadin da ya juye.

Manhajoji sun bambanta wajen kare wannan ƙa'ida. Ƙarin manhajar Translate da ake ɗorawa a kan MediaWiki ba ya barin mutum ya sa wa fassararsa alamar bita. Dandalin Pontoon na Mozilla ya bambanta mai ba da shawarar fassara da mai ikon amincewa da ita. A Drupal kuwa ana danƙa izini ga muƙami ne, saboda haka duk wanda aka ba muƙaman biyu zai iya fassarawa ya kuma amince wa kansa. Mai saita manhajar shi zai kiyaye kada hakan ta faru.

4.2 Zanguna

Drupal ta shigar da sassan Workflows da Content Moderation cikin ginin manhajar, kuma na biyun ya kammala zama tabbatacce a fitowa ta 8.5 a 2018. Tsarin da take zuwa da shi zanguna uku ne: daftari, da wallafaffe, da ajiyayye. Ma'aunin musayar fayilolin fassara na XLIFF 2.0, wanda ƙungiyar OASIS ta amince da shi a 2014, ya tanadi matsayi huɗu ga kowace gaɓar matani: ta farko, da fassararra, da wadda aka yi wa bita, da kammalalliya. Idan aka haɗa waɗannan da buƙatun ISO 17100, ana iya fitar da zanguna takwas ga shafin Hausa:

1. Jiran fassara: matanin asali ya kammala, an buɗe shi ga mafassari.
2. Ana fassara: aiki yana hannun mafassari.
3. Jiran bitar kwatance.
4. An mayar: mai bita ya dawo da aiki tare da dalili a rubuce.
5. Jiran masanin fanni.
6. An amince: an gama bita, saura saki.
7. An wallafa.
8. Ta kwana: matanin asali ya sauya bayan an wallafa fassara.

Sharaɗi mai muhimmanci shi ne kowane harshe ya kasance da zangonsa. Idan shafin Ingilishi da na Hausa suna ɗaure a zango guda, ɗayan abu biyu ne zai faru: ko dai a riƙe sanarwar Ingilishi har sai Hausa ta shirya, ko kuma a saki Hausar ɗanya domin kada a jinkirta Ingilishin. Na biyun ne ya fi sauƙin faruwa idan shugaba yana jira.

4.3 Izinin Ƙetarawa

Zanguna ba su da amfani idan kowa yana iya tsallake su. Ƙarfin tsarin yana ga ƙetarawa, domin a nan ake faɗa wa manhaja wane muƙami ne ke iya matsar da matani daga ina zuwa ina. Mafassari yana da izinin ƙetarawa daga zango na 2 zuwa na 3, da daga na 4 zuwa na 3, ba shi da wani. Mai bita yana iya kai aiki daga na 3 zuwa na 4 ko na 5 ko na 6. Masanin fanni yana kaiwa daga na 5 zuwa na 4 ko na 6. Mai wallafawa shi kaɗai ke da ƙetarawa daga na 6 zuwa na 7. Babu wata hanya da ta tashi daga na 2 ta faɗa na 7 kai-tsaye, kuma rashin wannan hanya shi ne ainihin kariyar.

Akwai buƙatar a wajabta rubuta dalili a duk lokacin da aka mayar da aiki. Bayani irin "Hausar ba ta yi daɗi ba" ba ya koya wa mafassari komai. Ya fi kyau a tanadi rukunoni da mai bita zai zaɓa daga ciki: kuskuren ma'ana, ragi ko ƙari, keɓaɓɓiyar kalma, nahawu, ƙa'idar rubutu, salo. Bayan 'yan watanni waɗannan bayanai sukan taru su nuna inda rauni ya fi yawa, su kuma zama kayan bincike ga mai nazarin fassara.

4.4 Fassarar Da Ta Kwana

Zango na 8 shi ne wanda aka fi mantawa da shi, alhali illarsa ta fi ta sauran. A ƙaddara wata cibiyar koyar da sana'o'i ta wallafa cewa za a rufe rajista ranar 30 ga wata, aka fassara, aka yi bita, aka saki. Bayan mako guda sai hukumar cibiyar ta dawo da ranar zuwa 20 ga wata, marubucin asali ya gyara shafin Ingilishi ya tafi. Shafin Hausa yana nan da 30, babu kuskuren nahawu ko na rubutu a cikinsa, kuma yana ɗauke da shaidar cewa an yi masa bita. Matashin da ya taso daga wani ƙauye na Gwiwa ko Roni ranar 25, ya biya kuɗin mota zuwa Kazaure, zai tarar an rufe. Wanda ya karanta Ingilishi bai yi wannan asara ba. Ta haka shafi mai harsuna biyu kan raba masu karatunsa gida biyu ba tare da wani ya nufi hakan ba.

Manhajoji sun tanadi magani iri-iri. Translate yana yanka shafi gaɓa-gaɓa, kuma idan aka sabunta asali, yakan sa wa fassarar gaɓar da ta sauya alamar cewa tana buƙatar dubawa. WPML, wanda ake ɗorawa a kan WordPress, yana nuna alamar buƙatar sabuntawa a jerin shafuka. A wasu tsare-tsaren kuwa marubucin asali ne ke danna wani akwati da hannunsa, wanda hakan ya sake mayar da lamarin ga tunawar ɗan'adam. Ko wace manhaja aka ɗauka, tilas a yanke shawara a kan abin da mai karatu zai gani a tsakanin sauyin asali da sabunta fassara. Ga matanin da ba ya ɗauke da haɗari, kamar tarihin ma'aikata, ana iya barin tsohuwar fassara tare da gargaɗi a samanta. Ga matanin da ke ɗauke da rana ko kuɗi ko awon magani, ya fi dacewa a sauke fassarar nan take a bar gajeren bayani da Hausa cewa ana sabunta ta. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

5.0 Abubuwan Da Suka Keɓanta Ga Hausa

5.1 Haruffa Masu Ƙugiya da Alamar Ɗauri

Ma'aunin Unicode ya tanadi gurbi ga haruffan Hausa: ɓ tana da lamba U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ kuma U+01B4, kowanne da babban baƙinsa. Ke nan matsalar yau ta allon bugu ce da salon haruffan da aka zaɓa wa shafi da kuma sakaci. Jumlar "an bata takardun" tana iya nufin an ɓata su, ko an ba ta su, kuma bambancin ya rataya ne a kan ƙugiya ɗaya da tazara ɗaya. Haka "ƙasa" da "kasa", da "baƙi" da "baki", da "ƙafa" da "kafa". Ana iya saita manhaja ta riƙa ja wa mai bita layi a ƙarƙashin kalmomin da aka san suna da tagwaye irin waɗannan, amma ba za a bar ta ta gyara da kanta ba, tunda duka siffofin biyu kalmomi ne ingantattu.

Alamar ɗauri da ke cikin "'ya'ya" da "ma'aikata" ta fi ɓoye matsalarta. Akwai alamomi aƙalla uku masu kama da juna a ido, U+0027 da U+2019 da U+02BC, waɗanda kwamfuta ke ɗauka a matsayin abubuwa daban-daban, lamarin da kan sa injin bincike na shafi ya kasa gano kalmar da ke nan. Bugu da ƙari, WordPress yana juya miƙaƙƙiyar alama zuwa lanƙwasasshiya da kansa, kuma idan ta zo a farkon kalma kamar "'yan" yakan ɗauke ta a matsayin buɗe zance, ya juya ta baibai. Dole jagoran salo na ma'aikata ya zaɓi alama guda, a kuma saita manhaja ta daidaita sauran zuwa gare ta yayin adanawa.

5.2 Haɗa Kalma da Raba Ta

Kurakuran da suka fi yawa a Hausar intanet su ne na rabawa da haɗawa: "za'a" maimakon "za a", "ya na" maimakon "yana", "akan" ta sabo a wurin "a kan" ta bagire. Wasu daga cikinsu na'ura tana iya kama su da tabbaci, kamar na farko. Irin waɗannan ya kamata a tace su tun kafin aiki ya bar zango na 2, domin kada mai bita ya ƙarar da hankalinsa a kan abin da na'ura za ta iya, ya rasa ƙarfin bin ma'ana.

5.3 Karin Harshe da Lambar Harshe

Lambar Hausa a ma'aunin ISO 639-1 ita ce ha. Ana iya faɗaɗa ta zuwa ha-NG ga Nijeriya, da ha-NE ga Nijar, da ha-Arab ga rubutun ajami. Zaɓen lamba a ranar farko yana da sakamako mai nisa. Rubutun Nijar yana amfani da ƴ inda na Nijeriya ke amfani da 'y. Kalmomi ma sukan saɓa: "dala" a kasuwannin Damagaram da Maraɗi sefa biyar ce, a labaran rediyon Nijeriya kuwa kuɗin Amurka ce, kuma "jikka" a can sefa dubu ce alhali "jaka" a nan naira ɗari biyu ce. Shafin da ke magana da 'yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashen biyu ya wajaba ya rubuta kuɗi da alƙaluma da cikakken sunan kuɗin. Idan kuwa ana son shafin ajami domin waɗanda suka yi karatun allo, to harshe ne na daban a idon manhaja, mai tafiya daga dama zuwa hagu, kuma yana buƙatar mai bitarsa.

A cikin gida ma, yankin da ke tsakanin Kano da Daura da Katsina yana jin kare-kare fiye da ɗaya. Daidaitacciyar Hausa ita ce ma'aunin rubutu, amma sunayen cututtukan dabbobi da na tsirrai da na kayan gona sukan bambanta daga wuri zuwa wuri. A nan ne masanin fanni na yankin yake da amfani, domin shi ya san sunan da manomi zai gane. Ana iya kawo daidaitacciyar kalma a biyo ta da ta yankin a ambato na farko.

5.4 Jinsi da Sigar Magana

Ingilishi yana da wakilin suna guda ga wanda ake magana da shi, Hausa kuwa sai ta zaɓa tsakanin "ka" da "ki" da "ku", ko ta kauce zuwa "a". Idan ba a yanke hukunci tun farko ba, mafassari ɗaya zai rubuta "ka cike fom", wani "ku cike", wani "a cike", duk a shafi guda. Sanarwar da ta ce "ka kawo ɗanka rigakafi" ta ware iyaye mata, waɗanda galibi su ne masu kai yara. Wannan hukunci na jagoran salo ne, kuma mai bita yana auna aiki da shi.

5.5 Taskar Keɓaɓɓun Kalmomi

Hausa ba ta rasa ayyukan ƙirƙirar kalmomi ba. Akwai littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, da ƙamusun kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu na 1991. Sassan Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, da Muryar Jamus da Muryar Amurka da Rediyon Faransa su ma sun zaunar da kalmomi masu yawa a kunnen jama'a. Abin da ya rage shi ne shigar da zaɓaɓɓun kalmomi cikin taskar da manhaja ke nuna wa mafassari yayin aiki. Ita ma taskar tana buƙatar nata zanguna: kalmar da aka gabatar, da wadda aka amince da ita, da wadda aka yi watsi da ita tare da dalili. Duk wanda ya ga dama ya gabatar, amma amincewa ta kasance a hannun mutum ɗaya ko ƙaramin kwamiti.

6.0 Matsayin Fassarar Na'ura

Google ya shigar da Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, kuma a yau ƙarin manhajoji da dama suna iya cike shafin Hausa da fassarar na'ura cikin daƙiƙoƙi. ISO 17100 bai haɗa da gyaran irin wannan fassara ba, an ware mata ma'auni na daban, ISO 18587 na 2017. Abin da ya dace shi ne duk abin da na'ura ta fassara ya shiga a zango na 2 da alama bayyananna, kada ya samu hanyar zuwa zango na 7 sai ta hannun mutum. Haɗarinsa yana ga santsinsa: jumla takan fito sumul alhali ta yar da "ba" ta korewa ko ta sauya jinsin mai aiki. Akwai kuma wani dalili da ya shafi masu nazarin harshe kai-tsaye. Na'urorin fassara suna koyo ne daga matanin da ke intanet, don haka gurɓatacciyar Hausar da aka wallafa yau ita za ta koyar da na'urar gobe.

7.0 Daidaita Tsari da Ƙarfin Ma'aikata

Ana iya cewa zanguna takwas sun yi wa ofishin ƙaramar hukuma yawa, inda wataƙila mutum biyu ne ke kula da shafi, ga ƙarancin wutar lantarki da tsadar data. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma tsarin da ya fi ƙarfin masu aiki da shi ƙarshensa a kewaye shi. Mafita ita ce rarraba matani bisa girman haɗarinsa. Labarin ziyara ko bikin yaye ɗalibai ya wadatu da mafassari da mai bita. Sanarwar da ke ɗauke da rana ko kuɗi tana buƙatar ƙarin tabbatar da alƙaluma. Bayanin lafiya ko awon maganin feshi ko gargaɗin ambaliya ba ya fita sai masanin fanni ya gani. Ga saƙon gaggawa, ana iya shirya ƙirar jumloli tun kafin damina, a yi musu cikakkiyar bita, ya zama ranar buƙata wuri da lokaci kawai za a cike. Haka nan fitar da aiki a fayil na XLIFF yana ba mafassari damar yin aiki ba tare da intanet ba, ya mayar idan hanya ta samu.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa bitar fassara a manhajar sarrafa ƙunshiya ta ginu a kan raba muƙamai, da ba kowane harshe zangonsa, da toshe hanyar da ke tsallake bita, da kuma tanadi ga fassarar da asalinta ya sauya. Ta kuma nuna cewa zaɓen lambar harshe da alamar ɗauri da sigar magana da keɓaɓɓun kalmomi hukunce-hukunce ne da masanin Hausa ya fi cancanta ya yanke. Bisa haka, ana ba da shawarar sassan nazarin Hausa su shigar da aiki da irin waɗannan manhajoji cikin darussan fassara, su kuma fitar da jagoran salo da taskar kalmomi da ƙananan ma'aikatu za su iya ɗauka kai-tsaye. Kasancewar makarantun fasaha a Kazaure da Ɓaɓura, ga kuma sassan Hausa a jami'o'in Kano da Katsina kusa da su, ya sa haɗin gwiwa tsakanin ɗaliban kwamfuta da na harshe abu ne mai yiwuwa a wannan yanki, kuma gwada wannan tsari a wata ma'aikata guda zai ba da alƙaluman da bincike na gaba zai dogara da su.